Yajin Aiki Da Albashin Wani: Rigimar Inshorar Lafiya A Amurka

Sau biyu cikin shekara 12 Amurkawa suka wayi gari ranar 1 ga Oktoba suka tarar da ofisoshin gwamnatin tarayya a garƙame, kuma duka biyun a kan doka guda ce, wato dokar inshorar lafiya da ake yi wa laƙabi da Obamacare. A 2013 'yan jam'iyyar Republican ne suka ce ba za su amince da kasafin kuɗi ba sai an hana dokar kuɗin aiki ko an ɗage ta. Aka yi kwana 16 ana ja-in-ja. A 2025 kuma 'yan Democrat ne suka ce ba za su ba da ƙuri'unsu ba sai an tsawaita tallafin da ke sauƙaƙa wa mutane sayen inshora a ƙarƙashin dokar. Wannan karon kwana 43 aka yi, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Duk wanda ya bi labaran lokutan biyu zai gane abin da Bahaushe ke nufi da laifi tudu ne. Zargin da Obama da mutanensa suka yi wa 'yan Republican a 2013, cewa sun yi garkuwa da ƙasa, shi ne 'yan Republican suka ɗauko suka mayar musu a 2025.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. A kan asalin maganar, wato ko ya dace hukuma ta sa hannu don kada rashin lafiya ya talauta mutum, ina tare da masu kare dokar, kuma ba na ɓoyewa. Amma a kan mayar da rufe gwamnati makamin ciniki, ba na tare da kowa. Zalunci ne a 2013, zalunci ne kuma a 2025, duk da cewa abin da aka nema a karo na biyu abu ne da na so ƙwarai a ce an samu.

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya ma gwamnati sukutum take rufewa? Shekarar kuɗi a Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Kafin ranar ana so majalisun biyu su zartar da ƙudurorin kasafi guda 12, in ba su gama ba su yi na wucin gadi da zai riƙe gwamnati na 'yan makonni. Akwai wata tsohuwar doka tun ƙarni na 19 da ta hana ma'aikatu kashe kuɗin da majalisa ba ta ware ba. An daɗe ba a tsananta mata ba. A shekarun 1970 an sha samun jinkirin kasafi, ma'aikata suka ci gaba da zuwa aiki da sanin cewa kuɗi na tafe. Sai a 1980 da 1981 antoni-janar na gwamnatin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, ya fassara dokar da cewa in babu kasafi dole aiki ya tsaya, in ban da abin da ya shafi kare rai da dukiya. Ka ƙara da ƙa'idar Majalisar Dattawa da ta ce sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. A 2025 'yan Republican na da kujeru 53 ne kacal. Ke nan marasa rinjaye ba za su iya yin doka ba, amma suna iya hana a biya albashi. Wannan ita ce ƙofar da kowane ɓangare ke bi idan ya ga an fi ƙarfinsa.

Ita kuwa maganar lafiya, sai an ɗan zauna a kanta kafin a fahimci zafinta. Babu ƙasar da ta kai Amurka kashe kuɗi a kan lafiya. A 2023 ta kashe kusan dala tiriliyan 5, sama da kashi 17 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ke samarwa. Duk da haka ba ta da tsari guda da ya haɗa kowa da kowa irin na Ingila ko Kanada. Kusan rabin jama'a ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wanda ya kai shekara 65 yana da shirin Medicare, matalauci yana da Medicaid, duka biyun tun 1965 a zamanin Lyndon Johnson. Wanda ya faɗo tsakani, irin su direban tasi, mai aski, manomi, mai ƙaramin shago, da wanda ya bar aiki shekarunsa ba su kai 65 ba, shi ne ke shiga kasuwa ya saya da kansa. Akwai 'yan uwanmu Hausawa da dama cikin wannan rukuni a unguwannin Bronx na birnin New York, masu tuƙi da masu sana'ar hannu. Kafin 2010 kamfanin inshora na da ikon duba tarihin lafiyarka, ya ga kana da ciwon suga ko an taɓa yi maka aikin daji, ya ce ba zai sayar maka ba, ko ya yanka maka kuɗin da ya san ba ka da shi. Wanda ya fi kowa buƙatar inshora shi ne aka fi rufe wa ƙofa. A lokacin, kusan mutum ɗaya cikin shida ba shi da inshora kwata-kwata.

Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010 ta zo ne da abubuwa uku da ke riƙe da juna. Ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo. Ta wajabta wa kowa ya sayi inshora, don kada masu lafiya su jira sai sun kwanta sannan su shigo. Ta kuma ba masu ƙaramin ƙarfi tallafi, tare da faɗaɗa Medicaid. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne wannan tsari ba daga masu ra'ayin gurguzu ya fito ba. Cibiyar Heritage ta masu ra'ayin riƙau ta kawo shawarar wajabta inshora tun 1989, kuma gwamna ɗan Republican, Mitt Romney, ya yi irin dokar a jihar Massachusetts a 2006. Amma da aka zo zartar da ita a matakin tarayya, ko ɗan Republican ɗaya bai ba ta ƙuri'a ba a zagayen ƙarshe. Ta wuce Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 a kan 212. Daga ranar ta zama tambarin jam'iyya. Wanda ya kare ta ya kare Obama, wanda ya soke ta ya soki Obama, mara lafiya kuwa ya koma gefe.

Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a fiye da sau 50 don soke dokar ko yi mata giɓi. An kai ta Kotun Ƙoli, a 2012 ta tsallake da alƙalai biyar a kan huɗu. An yi zaɓen shugaban ƙasa a shekarar da Romney a matsayin mai alkawarin soke ta, ya sha kaye. Wato an gwada majalisa, an gwada kotu, an gwada akwatin zaɓe. Bayan duk waɗannan ne Sanata Ted Cruz na Texas ya tsaya a zauren majalisa a watan Satumba 2013 ya yi ta magana har awa 21, ya zuga 'yan uwansa na Majalisar Wakilai suka ɗaure kasafin kuɗi da sharaɗin kashe dokar. Ma'aikata kusan 800,000 aka tura hutun dole. Asibitin bincike na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa da ke Maryland, inda ake kai marasa lafiyar da sauran magunguna suka gaza a kansu, ya daina karɓar yawancin sababbin majinyata, ciki har da yara masu ciwon daji. Da sunan rigima a kan lafiya aka hana mara lafiya gado. Ranar da aka buɗe gwamnati, Obamacare na nan daram. Abin da 'yan Republican suka samu bai wuce wani ɗan sharaɗi na tantance kuɗin shigar masu neman tallafi ba.

Akwai wani dare a 2017 da nake ganin ya nuna yadda ya kamata a yi irin wannan faɗa. 'Yan Republican na riƙe da fadar White House da majalisun biyu, sun kawo ƙudurin rushe muhimman sassan dokar. Sanata John McCain na Arizona, wanda ya yi takara da Obama a 2008 kuma bai taɓa son dokar ba, ya dawo Washington kwanaki kaɗan bayan likitoci sun gano yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, tabon ɗinki na nan a saman girarsa ta hagu. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na daren 28 ga Yuli ya tako gaban zauren, ya miƙa hannunsa na dama, ya ɗan dakata har magatakarda ya dube shi, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa. Shugaban masu rinjaye, Mitch McConnell, na tsaye kusa da shi rungume da hannuwa, bai ce uffan ba. Da ƙuri'ar McCain da ta wasu sanatocin Republican biyu, Susan Collins da Lisa Murkowski, ƙudurin ya faɗi, 51 a kan 49. Hujjar McCain ita ce babbar doka irin wannan ba a ɗinka ta a ɓoye cikin dare ba tare da zaman kwamiti da jin ta bakin ɗaya ɓangaren ba. An yi faɗa mai zafi, an samu wanda ya ci da wanda ya faɗi, washegari kuma kowane ma'aikaci ya tafi aikinsa, albashinsa bai yi ciwon kai ba.

Rigimar 2025 ta samo asali ne daga 2021, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnatin Joe Biden ta ƙara yawan tallafin sayen inshora, ta kuma buɗe shi ga masu matsakaicin samu da a da ba sa ciki. A 2022 aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025. Masu sayen inshora ta wannan kasuwa suka ninka, suka haura miliyan 24. Cibiyar bincike ta KFF ta yi ƙiyasin cewa in ƙarin ya ƙare, abin da masu karɓar tallafin ke biya daga aljihunsu zai fi ninki biyu. Ta kawo misalin miji da mata masu shekara 60 da ke samun dala 85,000 a shekara, waɗanda kuɗin inshorarsu zai iya ƙaruwa da sama da dala 20,000. Ka ɗauki kanka a matsayinsu. Saura shekara biyar ku shiga Medicare, ɗayanku na shan maganin hawan jini, ga wasiƙa ta zo cewa ƙarin kawai zai cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuke samu. Ko ku biya ku shiga bashi, ko ku zauna babu inshora kuna addu'ar kada wani ya faɗi. Kafin wannan ma, a watan Yulin 2025, Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da ta zabtare kusan dala tiriliyan ɗaya daga Medicaid cikin shekara goma, wadda ofishin kasafi na majalisa ya ce za ta raba mutum miliyan 10 da inshora.

Saboda haka ƙorafin 'yan Democrat na da tushe, kuma ban yarda da wanda ya ce siyasa ce zalla ba. Hatta Marjorie Taylor Greene, 'yar majalisa daga Georgia da a lokacin ake lissafawa cikin 'yan gani-kashe-nin Trump, ta fito fili ta ce kuɗin inshorar 'ya'yanta manya zai ninka, ta caccaki shugabannin jam'iyyarta da cewa ba su da wani shiri. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu wannan inshora suna zaune ne a jihohin da Trump ya ci a 2024, irin su Texas da Florida da Georgia. Ita kuma maganar da 'yan Republican suka yi ta nanatawa, cewa abokan hamayyarsu sun rufe gwamnati ne don a bai wa baƙin haure magani kyauta, ba gaskiya ba ce. Doka ta riga ta hana wanda ba shi da takardu samun wannan tallafi. Waɗanda ake magana a kansu baƙi ne masu izinin zama, kamar 'yan gudun hijira.

To amma wa ya biya kuɗin faɗan? A watan Oktoba an ga layin ma'aikatan tarayya a bayan garin Washington, cikin jihar Maryland, suna jiran kwalin taliya da gwangwanaye a wurin rabon abincin sadaka, ana duba katin aikinsu kafin a ba su. Mutane ne masu aikin yi, wasu sun shekara ashirin suna yi wa ƙasa hidima. Masu binciken kaya a filayen jirgi da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama an ce aikinsu na dole ne, saboda haka sai su zo, amma ba biya. Wasu suka koma kai saƙon abinci da daddare don su biya haya. Ranar 1 ga Nuwamba tallafin abinci na SNAP, wanda mutum miliyan 42 ke dogaro da shi a lokacin, wato ɗaya cikin takwas na Amurkawa, ya tsaya cak a karon farko. Alƙalan tarayya biyu suka umarci gwamnati ta buɗe asusun ko-ta-kwana ta biya, gwamnatin Trump kuma ta bi shari'ar har Kotun Ƙoli don kada ta biya cikakken kuɗin. Wannan ɓangaren laifin fadar White House ne ita kaɗai, kuma abin kunya ne. Amma wanda ya riƙe ƙuri'arsa ya san da wa yake faɗa, ya kuma san a kan wa dukan zai sauka. Iyalan da suka rasa kuɗin cefane a makon farko na Nuwamba, da yawansu su ne dai masu Medicaid ɗin da ake cewa ana karewa.

Mu a Najeriya mun san yajin aiki. Malaman jami'a sun yi na wata takwas a 2022, likitoci sun sha yi. Ko da ana jin haushinsu, an san mai yajin aiki wuyansa ya miƙa, domin gwamnati na iya cewa ba aiki ba biya, kuma ta faɗa ta aikata. Ɗan majalisar Amurka da ya rufe gwamnati yajin aiki yake yi da albashin wani. Nasa albashin, dala 174,000 a shekara, ba ya tsayawa, domin ba ya cikin kasafin da ake faɗa a kai. Wasu sun nemi a riƙe nasu don kunya, amma ganin dama ne. Kakakin Majalisar Wakilai Mike Johnson ma sallamar majalisarsa ya yi tun 19 ga Satumba, ba ta sake zaman kaɗa ƙuri'a ba sai 12 ga Nuwamba. Masu gadin filin jirgi na aiki ba biya, masu yin doka na karɓar biya suna gida.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da ake samun bakin zaren. Rufewar kwana 35 ta 2018 zuwa 2019, wadda Trump ya yi don neman dala biliyan 5.7 na katangar kan iyaka da Mexico, ta ƙare ne a ranar da ƙarancin ma'aikatan kula da jirage ya hargitsa filin jirgin LaGuardia na New York. A 2025 an ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40 daga ranar 7 ga Nuwamba, ba a yi kwana uku ba aka daidaita a Majalisar Dattawa. Ba na cewa wannan kaɗai ne dalili. Amma ma'aikata sun yi wata guda ba albashi babu wanda ya motsa, sai da wahalar ta iso ga masu hawa jirgi.

Na san hujjar da za a kawo mini, kuma ba ta da rauni. Za a ce marasa rinjaye ba su da wani makami. Trump na korar ma'aikata yadda ya ga dama, ya rushe hukumar USAID, wadda mu a nan mun ji raɗaɗin rushewarta a asibitocinmu da sansanonin 'yan gudun hijira. A watan Yuli 'yan Republican su kaɗai suka janye dala biliyan 9 da aka riga aka amince da su tare, a watan Agusta fadar ta riƙe wasu kusan biliyan 5 na agajin ƙasashen waje ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Ta yaya za ka sa hannu a yarjejeniya da wanda ya nuna maka zai warware ta gobe? Ikon riƙe lalitar gwamnati kuwa shi ne babban ikon da tsarin mulki ya ba majalisa. In ba ta yi amfani da shi a nan ba, sai yaushe?

Amsata ita ce a duba abin da makamin ya taɓa kawowa. Newt Gingrich, ɗan Republican da ke kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ya rufe gwamnati sau biyu a 1995 da 1996, rigimar da ta haɗa da rage kuɗin Medicare, Bill Clinton ya sake cin zaɓe. Cruz bai kashe Obamacare ba. 'Yan Democrat sun yi ta kwana uku a Janairun 2018 a kan matasan baƙin da aka kawo ƙasar suna yara, suka tashi da alkawarin za a yi muhawara, aka yi, babu abin da ya wuce. Trump bai samu kuɗin katangarsa daga majalisa yadda ya nema ba. A 2025 sanatoci takwas daga ɓangaren Democrat suka haɗu da 'yan Republican aka cika 60, a kan alkawarin za a kaɗa ƙuri'a kan tallafin a watan Disamba. Aka kaɗa ranar 11 ga wata, ƙudurin bai kai 60 ba, ƙarin tallafin ya ƙare da ƙarewar shekara. Magoya bayan jam'iyyar sun kira takwas ɗin maciya amana. Ni ban ga haka ba. Da an ƙara wata guda, yunwar ce za ta ƙaru, domin babu alamar Trump na jin zafin da zai sa ya sauko. Ba a tsoratar da mutum da rushe abin da shi ma yake son ya rushe. Shugaban ofishin kasafinsa, Russell Vought, amfani ya yi da damar ya aika wa ma'aikata kusan 4,000 takardar sallama, sai da kotu da yarjejeniyar ƙarshe suka dakatar.

Akwai kuma abin da 'yan Democrat ba sa son a tuna. Su ne da hannunsu suka sa wa tallafin wa'adi, sau biyu, lokacin da suke da rinjaye, don lissafin kuɗin ya yi ƙanƙanta a takarda. Kuma tallafi ba ya rage tsadar magani da asibiti, biyan tsadar yake yi da kuɗin haraji, kamfanonin inshora su karɓa. Mayar da shi na dindindin zai ci kusan dala biliyan 350 cikin shekara goma. Ɗan Republican da ya tambayi ina za a samo kuɗin, tambayarsa halastacciya ce, ko da yake bakinsa ya yi nauyi tunda jam'iyyarsa ta rage harajin da ya ninka wannan sau da yawa. Obama ma ya yi alkawarin cewa duk mai son tsohuwar inshorarsa zai ci gaba da riƙe ta, miliyoyi suka samu takardar sokewa a 2013. Waɗannan duka gaskiya ne.

Sai dai laifin bai zo daidai ba. Tun 2010 'yan Republican suna cewa za su soke dokar su kawo wadda ta fi ta, har yau ba su haɗu a kan guda ba. A muhawarar 2024 da aka tambayi Trump ina shirinsa, cewa ya yi yana da tunanin shiri. A gefe guda kuma, adadin marasa inshora ya sauko daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. Jihohi goma har yanzu sun ƙi faɗaɗa Medicaid duk da gwamnatin tarayya ce ke biyan kashi 90 na kuɗin. Inda aka tsallake 'yan siyasa aka tambayi jama'a kai tsaye, a jihohin da Republican ke da ƙarfi kamar Idaho da Utah da Nebraska a 2018, Oklahoma da Missouri a 2020, Dakota ta Kudu a 2022, cewa suka yi a faɗaɗa. Wannan ne ya sa nake ganin masu kare dokar ba su buƙatar garƙame ofis. Jama'a na tare da su a kan wannan magana, kuma wasiƙun ƙarin kuɗin da suka isa gidaje a Texas da Florida sun fi kowane jawabin sanata ƙarfi. A bar wanda ya ƙi tsawaita tallafin ya je gaban masu zaɓe ya yi bayani.

Dalilin da ya sa abin ba ya ƙarewa shi ne babu wanda ake hukuntawa. Bayan rufewar 2013 farin jinin jam'iyyar Republican ya faɗi warwas, amma shekara guda bayan nan ta ƙwace Majalisar Dattawa. A tsakiyar rufewar 2025 'yan Democrat suka ci zaɓen gwamna a Virginia da New Jersey. Kowane ɓangare ya koyi cewa masu zaɓe na mantuwa, 'yan gani-kashe-nin jam'iyya kuwa ba sa mantawa da wanda ya sassauta. Ɗan majalisar da mazaɓarsa ba ta taɓa juyawa ba ya fi tsoron zaɓen fid da gwani a kan babban zaɓe.

Najeriya ta aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, amma ba ta aro wannan ba. Sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa izinin ci gaba da kashe kuɗi gwargwadon na bara har tsawon wata shida in kasafi ya makara. A 2017 da 2018 sai a watan Yuni aka sa hannu a kasafi, ba a rufe ko'ina ba. Ba ina cewa mun fi su iya mulki ba ne. Ma'aikatanmu na jihohi sun sha yin watanni ba albashi da kasafi a hannu, kuma dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa har yanzu ba ta isa ga mafi yawan masu sayen magani a kemis da kuɗin aljihunsu ba. Amma a wannan gaɓa guda masu rubuta tsarin mulkinmu sun yi hangen nesa. A Birtaniya kuwa gwamnatin da ta kasa zartar da kasafinta ita ce ke faɗuwa, 'yan siyasa su koma neman ƙuri'a, mai shara a asibiti bai ma san an yi ba.

Maganin a rubuce yake a Washington. Sanata James Lankford, ɗan Republican daga Oklahoma, da Sanata Maggie Hassan, 'yar Democrat daga New Hampshire, sun gabatar da ƙudurin da zai sa kasafin bara ya ci gaba da kansa in an makara, a kuma hana 'yan majalisa kuɗin tafiye-tafiye, a tsare su a zauren har su gama. Masu suka na cewa hakan zai sa majalisa ta yi sakaci ta daina yin sabon kasafi. Tun bayan kasafin shekarar kuɗi ta 1997 dai ba ta sake gama ƙudurorin kasafinta a kan lokaci ba, ga barazanar rufewa na rataye a kanta kowace shekara, saboda haka ban ga sakacin da ake gudu ba wanda bai riga ya faru ba.

In ma wannan ya gagara, akwai ƙaramin gyaran da babu uzurin rashin yinsa. Tun 2019 doka ta tabbatar wa ma'aikatan tarayya cewa za a biya su bashin albashinsu bayan an buɗe. Ma'aikatan 'yan kwangila ba sa ciki. Su ne masu goge ofisoshi, masu gadin ƙofa, masu dafa abinci a kantunan ma'aikatu da gidajen tarihi, waɗanda ake biya da awa, da yawansu baƙi ne da baƙaƙen fata masu rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Makonni shidan da suka zauna a gida a 2025 babu dokar da ta ce a mayar musu, kamar yadda babu wadda ta mayar musu da makonni biyar na 2019. An gabatar da ƙudurorin biyansu tun wancan lokacin, jam'iyyun biyu kowacce ta riƙe majalisa a tsakani, kuma babu wadda ta zartar.